Jima da Hayaƙi ko Jima da Bagaruwa: Wacce Ta Dace da Fatar da Ke Hannunka?

Duk wanda ya sami fatar dabba yana son ya jeme ta da hannunsa, tambayar da ya kamata ya fara amsawa ita ce abin da zai ɗinka da ita, domin manyan hanyoyin jima na gargajiya guda biyu kowacce da irin fatar da take fitarwa. Hanya ta farko ita ce a ciyar da fata mai, a ja ta har ta yi laushi, sannan a turara ta da hayaƙi. Ta biyu kuwa ita ce a jiƙa ta a ruwan da aka tsima 'ya'yan bagaruwa ko ɓawon wasu itatuwa masu ɗauke da sinadarin tanin. Ta farkon tana ba da fata mai laushin tufafi, wadda ake sawa a jiki a kuma wanke ta. Ta biyun tana ba da fata mai jiki da tsayuwa, wadda ake yi wa zane, a lanƙwasa ta ta riƙe siffa. Wanda ya ɗauki ɗaya yana neman halin ɗayar zai sha wahalar makonni, ya ƙare da abin da ba zai yi masa aikin da ya nufa ba.

Kafin a auna su, yana da kyau a san abin da kowace jima ke ƙoƙarin magancewa. Fata saƙa ce ta zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin. Idan aka bar ta da danshi ƙwayoyin cuta za su cinye ta ta ruɓe, idan kuma aka shanya ta yadda take, zaruruwan za su manne wa juna ta ƙandare. Aikin majemi shi ne ya hana waɗannan abubuwa biyu faruwa a lokaci guda: kada ta ruɓe, kada kuma zaruruwan su sake mannewa. Tanin yana yin haka ta hanyar shiga cikin saƙar ya lulluɓe zaruruwan ya kuma cike guraben da ke tsakaninsu. Mai da hayaƙi kuwa suna barin guraben a buɗe, kuma daga wannan bambanci ɗaya ne kusan duk sauran bambance-bambancen suka samo asali.

A jimar mai da hayaƙi, bayan an kankare nama da kitse daga cikin fata, akan jiƙa ta a ruwan toka na wasu kwanaki har gashi ya saki, sannan a ɗora ta a kan gungume a bi ta da kartaji. Ba gashi kaɗai ake cirewa ba, har da siririn saman fatar mai santsi da ke ƙarƙashin gashin, domin idan aka bar shi mai ba zai ratsa da kyau ba, kuma duk gurbin da ya saura zai fito da tabo mai tauri wanda hayaƙi ba ya kamawa daidai da sauran jiki. Daga nan a ɗauraye tokar sarai, a matse ruwan, a tsoma fatar cikin ƙwaƙwalwar dabba da aka dama da ruwan ɗumi. Ƙwaƙwalwa tana da irin man da ke haɗuwa da ruwa ba tare da ya taso sama ba, shi ya sa yake iya bin ruwan ya shiga tsakanin zaruruwa. Gwaiduwar ƙwai tana yin wannan aiki, haka ma sabulu da aka kaɗa da mai. Bayan an tsoma an matse sau da dama, sai a shiga aikin da ya fi kowanne cin ƙarfi, wato jan fata ta kowace fuska, a goga ta a jikin igiya ko bakin katako, ba tare da an huta ba har sai ta bushe ƙarau. Idan aka bar wani gefe ya bushe ba a motsa shi ba, wannan gefen ya ƙandare ke nan, sai an sake jiƙawa an koma baya.

Abin da ke fitowa a wannan mataki farar fata ce mai laushi ƙwarai, kuma mai kallo zai ɗauka an gama. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, domin man bai ɗaure zaruruwan da komai ba, ya dai raba su ne kawai. Da zarar ruwan sama ya doke ta ta bushe a ajiye, za ta koma ta ƙandare, wahalar jan da aka sha ta zama aikin baban giwa. Wannan gurbi ne hayaƙi yake cikewa. Itacen da ke ci a hankali ba tare da harshen wuta ba yana fitar da sinadarai dangin aldihayid, ciki har da fomaldihayid, tare da wasu dangin finol. Aldihayid yana ƙulla gada tsakanin sassan kolajin, ya tsayar da saƙar a yanayin da ya same ta, wato a buɗe. Saboda haka fatar da aka turara za ta jiƙe sharkaf, ta bushe, kuma ɗan murzawa da hannu ya isa ya dawo mata da laushinta. Launin ruwan zuma ko ruwan ƙasa da take samu ƙari ne kawai, haka ma kariyar da warin hayaƙi ke ba ta daga wasu ƙwari. Mutane da yawa suna ɗaukar turarawa a matsayin rini, alhali ita ce matakin da ke mayar da aikin ya zama jima ta gaske.

Al'ummomin da suka fi sanuwa da wannan hanya su ne waɗanda rayuwarsu ta tilasta musu sa fata a jiki cikin ruwa da ƙanƙara. Mutanen Kiri da Dene na ƙasar Kanada har yau suna jeme fatar mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, su turara ta da ruɓaɓɓen itace. Mutanen Ebenki na Saiberiya suna yin makamancin haka da fatun barewarsu ta kiwo. Mai zanen nan ɗan Amurka, George Catlin, wanda ya zagaya cikin ƙabilun yankin kogin Misuri a 1832, ya rubuta yadda ya ga ana haƙa ɗan rami a cika shi da ruɓaɓɓen itace a kafa fata a kansa, ya kuma lura cewa fatar da aka yi wa haka tana bushewa da laushi komai yawan jiƙewar da ta yi. A Japan kuma akwai masu sana'ar fatar barewa a yankin Yamanashi da ke naɗa fata a jikin wani gangan katako mai juyawa, su ɗaɗɗaure ta da zare, su turara ta da hayaƙin tattakar hatsi, ta yadda duk inda zare ya rufe zai fito fari ya zama ado.

Turarawar kanta aiki ne na sa'o'i, amma sa'o'i ne da ba a ɗauke ido. Da farko akan ɗinke duk wata huda da ke jikin fatar, domin hayaƙi yana bin hanya mafi sauƙi, idan ya sami ƙofa zai fice ya bar sauran jiki fari, ya kuma ƙona bakin hudar ya yi baƙi. Sannan a ninka fatar gida biyu a tsaye a ɗinke gefunanta ta zama buhu, ko a haɗa fatu biyu masu girma ɗaya, a bar baki ɗaya a buɗe. A bakin nan ake ɗinka wani yadi mai kauri na auduga, wanda shi ne zai sauka ya rufe ramin wuta, ya nisanta fatar daga zafi. A cikin ramin, ko a cikin tukunyar ƙarfe, akan tara garwashi mai kyau, a rufe shi da ruɓaɓɓen itace busasshe, irin wanda yake marmashewa idan aka matsa shi da yatsu. Idan hayaƙi ya tashi, buhun da ke rataye zai kumbura, kuma dole a tabbata cikinsa bai manne wa juna ba, in ba haka ba wurin da ya haɗe zai fito da farin layi. Majemi yana zaune a gefe da ƙoƙon ruwa da ƙarin ruɓaɓɓen itace, lokaci zuwa lokaci yana ɗora tafin hannunsa a kan yadin. Idan ya ji zafin ya wuce abin da hannu zai jure cikin natsuwa, ko ya ga hayaƙin ya sirance ya koma shuɗi, ya san itacen na shirin kamawa da wuta, sai ya ɗaga yadin ya ƙara itace ko ya yayyafa ruwa. Idan launi ya fara ɓullowa ta waje, alama ce hayaƙi ya ratsa, sai a juya buhun ciki ya koma waje a maimaita.

Wannan tsoron zafi yana da dalili. Ɗanyar fata mai danshi tana motsewa ta lalace idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, kuma mai da hayaƙi ba sa ɗaga wannan iyaka sosai. Fatar da aka jeme da tanin tana jurewa har wajen digiri 75 zuwa 85, ta sinadarin kurom kuwa, wato jimar masana'antun zamani, tana iya jure tafasasshen ruwa. Ma'anar wannan ga mai turarawa ita ce harshen wuta na 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tsuke gindin fatar ya mayar da shi abu mai tauri da ke karyewa, kuma babu wani gyara da ke dawo da shi. Ma'anarsa ga mai sa tufar kuma ita ce kada ya wanke ta da ruwan zafi, kada kuma ya shanya ta a bakin murhu.

Jimar tanin ta fi wannan sauƙin bayani. Ana cire gashi da toka ko farar ƙasa, amma a nan ana lallaɓa saman fatar mai santsi domin shi ne kyanta. Bayan an wanke ta an sassauta ta, sai a sa ta a tsimin bagaruwa, ko na ɓawon itacen ok ko na mimosa, ko na katakon itacen kebraco, gwargwadon abin da ke samuwa a ƙasar da mutum yake. Ƙa'idar da ba a ƙetarewa ita ce a fara da tsimi marar ƙarfi a riƙa ƙara masa ƙarfi a hankali, saboda tsimi mai kauri tun farko yana jeme waje ya toshe hanya, ya bar tsakiya ɗanye. Ana gane ta jemu idan aka yanki bakin wuya, inda ya fi kauri, aka ga launi ya ratsa babu farin layi a tsakiya. Fatar akuya ko ta tunkiya tana iya jemuwa cikin kwanaki ko 'yan makonni, amma ƙirgin sa mai kauri yana ɗaukar watanni, kuma a Ingila har yau akwai majemar da fatar tafin takalmi ke shafe kimanin shekara guda a ramin ɓawon ok. Ba a amfani da mazubin ƙarfe, domin tanin da tsatsa idan suka haɗu baƙin tabo suke bari. A ƙarshe a shafa mata mai tun tana da sauran danshi.

Idan aka zo kan ruwa, wanda shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta, fatar hayaƙi ba ta hana ruwa shiga ko kaɗan. Tana shan ruwa kamar soso, ta yi nauyi, ta yi santsi, ta kuma miƙe, har takalmin da aka ɗinka da ita ya zama ya fi ƙafa girma kafin ya bushe. Fifikonta shi ne tana fita daga jiƙewar lafiya. Fatar tanin tana jinkirin shan ruwa, musamman idan an ciyar da ita mai ko kakin zuma, don haka ita ce ta dace da jakar da ake son abin cikinta ya tsira daga yayyafi. Amma idan ta yi ta jiƙewa tana bushewa ba a sake shafa mata mai ba, sai ta yi tauri samanta ya fara tsagewa. Ga abin da za a riƙa wankewa, hayaƙi ya fi. Ga abin da ake son ya kare wani abu daga laima, tanin ya fi, kuma tazarar da ke tsakaninsu a nan ba kaɗan ba ce.

Wajen riƙe siffa ma babu gardama. Fatar tanin idan aka jiƙa ta aka danne ta a kan wani abu ta bushe, za ta zauna a wannan siffa, kuma tana karɓar zanen da aka buga mata da ƙarfe, tana karɓar rini, bakinta yana gogewa ya yi sheƙi. Kuben wuƙa, ɗamara, sirdi, linzami, bangon littafi da tafin takalmi duk nata ne. Fatar hayaƙi ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗamarar da aka yanka daga gare ta za ta yi ta miƙewa har ta zama igiya, kube kuma zai lanƙwashe tsinin wuƙa ya huda shi. Inda ta yi zarra shi ne a jikin mutum. Iska tana ratsa ta gumi ya fita, amma tana tare sanyin iska mai kaɗawa, ba ta ƙara idan ana tafiya cikin daji, ƙaya ba ta yaga ta da sauƙi, kuma ba ta ƙandarewa a tsananin sanyi. Allura tana shiga ta ba tare da an fara hudawa da basilla ba, har ana iya soka allurar ta bi rabin kaurin fatar ta fito ba ta ɓulla ta baya ba, abin da ya sa masu adon duwatsu suke son ta. Ƙabilun filayen Amurka ta Arewa sun san iyakarta sarai, shi ya sa da yawansu suke ɗinka saman takalmi da fatar hayaƙi, tafin kuma su sa ɗanyar fata mai tauri.

Irin fatar da ke hannu ita ma tana da ta cewa. Fatar barewa da danginta tana da saƙa sakakkiya mai ƙarfi, kuma ita ce ta fi kowacce dacewa da mai da hayaƙi. Fatar akuya tana karɓar hanyoyin biyu, ko da yake ta fi ta barewa matsewa, kuma samanta yana da kyan da ni a ganina asara ce a kankare shi sai da dalili. Fatar tunkiya ba ta da ƙarfi sosai, idan aka cire samanta abin da ya rage yana saurin yagewa a hannun mai ja. Ƙirgin sa kuwa ya yi kauri ya kuma yi matsi, mai ba ya ratsa shi sai an fiƙe shi an rage kaurinsa, kuma jan sa har ya bushe ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masu jeme fatar mus da ta ɓaunan Amurka suna ɗaure ta a firam su kankare kaurin da haƙuri, kuma galibi aikin taron mutane ne. Wanda ke da fatar saniya, shi kaɗai, bai taɓa jima ba, tanin ne hanyarsa.

Akwai kuma bambanci a irin wahalar da kowace hanya ke nema. Jimar tanin tana cin lokaci amma ba ta cin jiki sosai, ana iya motsa fata a tsimi da safe a tafi wasu harkoki, kuma kwana ɗaya da aka manta da ita ba ya ɓata komai matuƙar tsimin na da ƙarfi. Jimar hayaƙi ana iya gama ta cikin mako guda ko biyu, amma a cikinta akwai yini guda na jan fata da ba a iya katsewa a tsakiya, da kuma sa'o'in zama a bakin rami. Kuskure a jimar tanin yakan ba da fata mai muni wadda duk da haka za a iya amfani da ita, sai dai in an bar tsakiyarta ɗanye. Kuskure a bakin ramin hayaƙi yana iya cinye fatar ɗungurungum. A ɗaya ɓangaren kuma, hayaƙi ba ya buƙatar komai da ba a samu a ko'ina, wato toka da ƙwai da ruɓaɓɓen itace, alhali tanin yana buƙatar ɓawo ko 'ya'yan itace masu yawa, kuma fata mai kauri tana shanye tsimi fiye da yadda sabon shiga ke zato.

Batun lafiya bai kamata a tsallake shi ba, kuma a nan jimar hayaƙi ce ke da abin lura. Sinadaran da ke jeme fatar su ne kuma ke cutar da huhu, kuma hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa fomaldihayid cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Garwashin da ke ci a rufe yana fitar da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari kuma tana kisa, don haka a fili ake wannan aiki, mutum ya zauna ta inda iska ke fitowa. Ba a sa katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara. Ita ma ƙwaƙwalwa tana da nata haɗarin, domin tana saurin ruɓewa, kuma idan ta taɓa rauni a hannu tana iya sa shi ya harbu. Ban da haka, akwai cututtukan ƙwaƙwalwa irin haukan shanu da wata mai rame barewa da aka fara ganowa a jihar Kolorado ta Amurka a 1967, waɗanda tafasawa ba ta kashe abin da ke haddasa su. Tun da gwaiduwar ƙwai tana ba da sakamako mai kyau, ban ga dalilin da zai sa mutum ya nace wa ƙwaƙwalwar dabbar da bai san lafiyarta ba. Fatar dabbar da ta faɗi ta mutu ba a san dalili ba kuwa, ba a taɓa ta ta kowace hanya, saboda cutar antaraks tana iya zama a jikin fata shekaru.

Akwai wasu hanyoyi biyu na daban da ake yawan kawowa cikin wannan magana, kuma ba su buƙatar dogon bayani. Jima da alimun da gishiri tana ba da farar fata mai laushi, kuma tana riƙe gashi da kyau, amma ruwa yana wanke alimun ya fita, don haka ta dace ne da abin ado ko shimfiɗar da ba za ta jiƙe ba. Jimar kurom, wadda Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ita ce ke samar da mafi yawan fatar da ke kasuwannin duniya a yau, tana da sauri tana kuma jure zafi, amma ruwan da ta bari yana buƙatar tacewar da ba a iya yi a gida.

Wanda ke son fata da gashinta yana iya bin hanyar mai da hayaƙi, amma da gyara. Ba a jiƙa ta a toka, ana shafa man ta cikin fatar kaɗai, sannan a turara wannan gefen kawai, gashi yana waje. Tun da saman fatar yana nan, mai yana shiga ta fuska ɗaya ne, laushin ba zai kai na wadda aka kankare ba, kuma farin gashi yana iya yin rawaya idan hayaƙi ya same shi. Tanin shi ma yana rina farin gashi. Ga buzu mai farin gashi da ake son ya zauna fari, alimun ya fi su duka, matuƙar an yarda da sharaɗin nisanta shi da ruwa.

Idan zaɓi ya tsaya a kan hayaƙi, saura a yanke shawara tsakanin buhu da rumfa. Wasu suna rataya fatu a buɗe cikin wata 'yar bukka su bar hayaƙi ya cika ta na kwanaki. Wannan ya fi sauƙi, yana ɗaukar fatu da yawa, kuma haɗarin ƙonewa kaɗan ne tun da wutar na nesa. Rauninsa shi ne hayaƙin yana sauka a saman fata ne kawai, babu abin da ke tura shi ciki, don haka ana iya samun launi mai kyau a waje alhali tsakiya ba ta sha ba. Buhu yana tilasta wa hayaƙi ya bi ta cikin saƙar domin ba shi da wata mafita, shi ya sa ya fi sauri ya kuma fi tabbas. Ga fata ɗaya ko biyu, buhu ne ya dace. Wajen itace kuma, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya ruɓe ya kuma bushe. Ɗanyen itace ko jiƙaƙƙe yana fitar da tururi, tururin ya jiƙa fatar da ba ta riga ta sha hayaƙi ba, ta ƙandare tun tana rataye. Itace mai yawan ƙaro wanda bai ruɓe ba yana barin kwalta mai danƙo da baƙin tabo. Launi yana sauyawa daga itace zuwa itace, daga rawaya mai haske zuwa ruwan ƙasa mai duhu, amma duhun launi ba shi ne ma'aunin jemuwa ba, ratsawa ce ma'auni, kuma ana ganin ta ne idan aka yanki ɗan baki aka duba tsakiya.

Bayan an sauke fata akan naɗe ta a ajiye kwana ɗaya ko biyu, sannan a shanya ta a inuwa ta sha iska ko a ɗauraye ta da ruwan sanyi domin a rage warin, wanda ba kowa ke jure shi ba kuma yakan daɗe bai gushe ba. Wanki da hasken rana suna kwashe launin a hankali, amma ana iya mayar da tufar kan rami a sake turara ta ko bayan shekaru. Turara fatar da aka riga aka jeme da tanin kuwa ba ya ƙara mata wani abin kirki ban da wari da ɗan duhu, domin zaruruwanta sun riga sun ɗauru. Inda hayaƙi ke da amfani na biyu shi ne a kan fatar mai da ta ƙi yin laushi a karon farko. Wasu majema suna turara ta yadda take, matuƙar ta buɗe gwargwadon yadda hayaƙi zai iya ratsawa, sannan su mayar da ita cikin ruwan ƙwai su sake ja. Wuraren da suka riga suka yi laushi ba za su koma baya ba, sai majemi ya tattara ƙarfinsa a kan wuya da gadon baya, inda fata ta fi kauri kuma ta fi jinkirin bushewa.